Ƙanzon Bature

Duk unguwar Malali ba mai kiran Baba Bitrus da sunansa. Kuku ake ce masa, yara da manya, har fasto idan ya zo sanarwa a coci "Baba Kuku" yake cewa. Shi kuwa ko a jikinsa, don da guminsa ya sami sunan. Shekara talatin da huɗu ya yi a tsaye gaban murhu a wani gidan saukar baƙi na gwamnati, har yau girarsa ta dama ba ta gama tsirowa ba saboda lasar wuta.

Daga wani ƙauye kusa da Zonkwa ya zo Kaduna yana saurayi, da wando ɗaya da niyyar shiga soja. A wurin ɗaukar soja na Mando aka auna shi aka ce tsayinsa bai kai ba. Ya ɗan ɗage a kan yatsun ƙafa, mai awon ya ce masa wannan dabarar ma sun santa. Da ya rasa inda zai sa kansa, wani ɗan garinsu ya kai shi wurin Gambo, tsohon kukun gidan baƙin, wanda ya yi wa Turawa girki tun kafin su tattara su tafi. Gambo mafaɗaci ne na gaske, amma hannunsa akwai albarka, kuma abu na farko da ya koya wa Bitrus ba miya ba ce, ba nama ba ne. Yadda ake yi da biredin da ya kwana biyu ne.

Ba a zubar da shi. Sai a yanke ɓawon, a yayyanka shi ƙanana daidai wa daida, kowane kamar ƙwayar ludo, a busar da shi har ya yi ƙarau, sannan a ɗan juya shi a kasko da man shanu da tafarnuwa. Daga nan aikinsa ba ya ƙarewa. A watsa shi kan salak, a daka shi a haɗa da niƙaƙƙen nama, in miya ta tsinke a barbaɗa garinsa ta yi kauri, baƙo bai san an yi ɓarna ba. Amma babban gidansa romo ne. Gambo yakan ce ɗanyen biredi ragon abu ne, yana faɗawa romo yake narkewa, busasshe kuwa sha yake ya ƙoshi yana riƙe da kansa. Shi ya sa masa suna ƙanzon Bature, wai tunda mu muna kankare gindin tukunyar tuwo mu shanya, su ma Turawa ga nasu, sun dai yi masa ado ne kawai.

Wannan ƙanzon ne ya haɗa Kuku da amininsa. Wata rana da damina, manyan ma'aikata suka yi taro a gidan baƙin, suka share abincin rana tas. Can da la'asar sai ga wani siririn ƙaramin akawu a ƙofar kicin, ruwa ya yi masa dukan tsiya, yana rungume da fayil-fayil a ƙarƙashin riga. Tun safe yake zaune a waje yana jiran ogansa, ba wanda ya tuna cewa shi ma yana da ciki. Bitrus ya duba tukwane, ba komai sai romon kaza. Ya soya albasa ya zuba, ya watsa busasshen biredi a kai, ya miƙa masa. Akawun ya shanye, ya kankare kwanon, sannan ya ɗago kai ya ce, "Kuku, gishiri ya yi kaɗan."

"Akawu," in ji Bitrus, "ka gama ka ba ni kwanona."

Sunan akawun Yusha'u. Ya hau matakan aiki ɗaya bayan ɗaya har ya zama Alhaji Yusha'u, mataimakin darakta, amma a bakin Kuku bai taɓa wuce Akawu ba. Da Kuku ya yi ritaya, shi Alhajin ne ya nemo masa gidan da ke manne da nasa a Malali, katanga ɗaya ce tsakaninsu.

Katangar nan tana da dokarta, kuma duk wanda ya taɓa kwana a gidajen biyu ya santa. Matar Alhaji, Hajiya Maimuna, duk shekara tana sa a kawo mata ɗan rago daga Rigachikun ta kiwata shi don layya, kuma kowane rago sunansa Darakta, tunda dai maigidan ya yi ritaya kujerar darakta ba ta zo masa ba. Abin da ya ragu a gidan Kuku, ɓawon doya ne, ƙanzo ne, ganyen kabeji ne, sai a ɗora a faranti kan katanga, Hajiya ta miƙa hannu ta ɗauka. Shinkafar Kirsimeti da cinyar layya ma ta nan suke bi, sai dai su da kira ake ɗora su. Abin da aka ɗora aka ɗaga murya na mutane ne. Abin da aka ɗora shiru na Darakta ne. Shekara da shekaru ba a taɓa samun kuskure ba.

Matar Kuku ta rasu shekara shida da suka wuce, ya rage daga shi sai autarsa Rebecca, wadda take aikin nas. Bara ne tsautsayi ya gifta. Ya ɗora wake, ya zauna jin labarai a rediyo, barci ya sace shi. Hajiya Maimuna ce ta ji ƙauri ta ƙwala ihu, kafin a zo tukunya ta ƙone, labulen kicin ya kama. Da Rebecca ta dawo ba ta yi masa faɗa ba. Zama ta yi a ƙasa ta yi ta kuka, abin da ya fi masa faɗa ciwo. A ranar ya yi mata alkawari ba zai ƙara taɓa murhu ba, kuma Kuku ba ya magana biyu. Tun daga lokacin yake cin girkin 'yarsa yana haɗiye gyare-gyarensa tare da loma. In ta fita aiki yakan leƙa kicin ya tsaya kallon tukwane, ya gyara wa ludayi zama, ya fito. Abin yana cin sa ƙwarai, ko da yake bai taɓa faɗa wa kowa ba.

To a bazarar bana aka yi wa Alhaji Yusha'u aiki a ciki. Aiki ya yi kyau, aka sallamo shi, ɗinki ya kama, amma baki ya ƙi abinci. Ba abin da Hajiya ba ta dafa ba: gwate, farfesun kifi, kunun gyaɗa, tuwon shinkafa da miyar taushe. Cokali biyu sai ya kau da kai. Mutum ya yi ta zubewa har agogonsa yana yawo a hannu. Babban ɗansu Sharhabil ya zo daga Abuja ya mayar da shi wurin likita, likita ya ce in Juma'a ta yi bai fara ci ba, sai a kwantar da shi a sa masa robar abinci ta hanci. Alhaji kuwa ba abin da yake tsoro a duniya irin robar nan.

Ran Litinin Kuku ya shiga duba shi. Alhaji ya bari sai da Hajiya ta fita da kwanon da bai taɓa ba, sannan ya yafito shi da yatsa.

"Kuku, ka tuna romon nan na ranar ruwa?"

"Wanda ba gishiri?"

"Shi. Wallahi shi kaɗai nake gani in na rufe ido." Ya ƙara rage murya. "Amma kar Hajiya ta ji. Tana ta wahala a kaina, in ta ji girkin wani nake marmari, raina ne zai fita kafin a kai ga robar."

Kuku ya fito yana tafiya kamar an rage masa shekara ashirin. Romo ba matsala ba ne, zai ce wa Rebecca shi yake sha'awa, ta dafa masa yana faɗa mata yadda za ta yi. Biredin ne aikin. Ba murhu, to sai rana, ga ta nan kuwa Allah ya ba da ita kyauta, tana fasa kai. Sai dai Rebecca ba za ta sani ba, don abin da Rebecca ta sani da safe, Hajiya ta san shi kafin azahar.

Ran Talata ya je shagon bakin layi ya ce a ba shi biredin shekaranjiya. Mai shago ya rantse da Allah duk kayansa na yau ne, da ɗuminsu ma. Kuku ya ce shi tsoho yake so. Mai shago ya ƙara rantsuwa. Sai da suka kai ruwa rana kafin mutumin ya waiga hagu da dama, ya sunkuya ƙarƙashin kanta ya zaro wani da ya yi tauri kamar katako, ya ce wannan na gida ne, ba na sayarwa ba. Kuku ya danna shi da yatsa ya ce madalla.

Hannunsa yana rawa in ya ɗauki kofin shayi, amma da ya riƙe wuƙa sai rawar ta ɗauke. Ya zauna a ɗakinsa ya yanka biredin nan tsaf, ba wanda ya fi wani. Ran Laraba da safe, Rebecca na fita, ya jera su a farantin marigayiya mai furanni, wanda sai Kirsimeti ake fito da shi. Tsakar gidansa bishiyar mangwaro ta rufe ta da inuwa, wuri ɗaya ne rana take wuni a kai, wato kan katanga. Ba wai bai tuna da Darakta ba. Ya tuna, amma ya ce a ransa ai ko makaho ya shafa farantin nan ya san ba na dabba ba ne, kuma wane mahaukaci ne zai yanka wa rago biredi daidai wa daida? Ya ɗora a hankali, ko tari bai yi ba, don kar a ji.

Da ya farka daga barcin rana ya fito, ga faranti a kife kan katanga, an wanke shi fes.

Kuku ya sauke farantin. Daga can bayan katanga Darakta ya yi wani kuka mai kauri irin na wanda ya ci ya ƙoshi. In Kuku ya yi magana asirin Akawu ya tonu, in ya yi shiru Juma'a tana tahowa. Ya ɗauki hularsa ya koma shagon bakin layi, mai shago na hango shi ya sunkuya ƙarƙashin kanta tun kafin a tambaye shi.

Ran Alhamis ya sake ɗorawa, wannan karon ya kife rariya a kai, ya ɗauko kujera ya zauna gadi da sanda a hannu. Ya kori kurciya, ya kori ƙadangare, gumi yana bin bayansa. Wajen ƙarfe ɗaya ya tuna bai sha maganin hawan jininsa ba. Shiga ɗaki da fitowa, ko minti uku bai yi ba. Ya dawo ya tarar da rariya ita kaɗai, ga kuma ƙarar tauna, ƙurus ƙurus, tana tashi daga wancan gidan.

Ai bai san lokacin da ya zagaya ba. Ya yi sallama a ƙofa, Hajiya Maimuna ta fito da fara'arta, farantin furanni a hannu.

"Baba Kuku, sannu da ɗawainiya! Allah ya saka da alheri. Jiya har lashe farantin ya yi. Amma don Allah ka daina wahalar da kanka da yankawar nan, ai yana da haƙora. Na ce da Sharhabil, ka ga zaman banza, yanzu Baba Kuku har rago yake yi wa girkin Turawa."

"Hajiya," in ji Kuku, "da kika ga faranti mai fure, ba ki yi tunanin komai ba?"

"Na yi mana. Na ce farantin kullum ne ya ɓata. Ai ba ka kira ba."

Gaskiya ce, Kuku bai kira ba. Ya zauna kan dakalin ƙofa, ya cire hula, ya kwashe labarin duka ya faɗa mata, tun daga ranar ruwa har zuwa raɗar Litinin.

Fuskar Hajiya ta canja. Ta ji zafi, kuma ba ta ɓoye ba. "Ni da na shekara talatin da biyar ina yi masa girki, shi ne zai yi raɗa a bayana? A kan busasshen biredi?" Ta juya ta kalli ragon, yana kwance yana tuƙa, ko kunya babu. Sai kafaɗarta ta fara girgiza. "Wato Darakta ne ya cinye abincin mataimakinsa. Har sau biyu, kuma da hannuna na kai masa!" Ta yi dariya har ta dafa bango, dariyar ta juye ta zama hawaye, ta share da bakin mayafi. "Baba Kuku, in dai zai ci, wallahi ko daga bakin ragon nan ne sai in ƙwato. Tashi mu shiga, ga gas can, minti nawa ne a kasko?"

"Na yi wa yarinya alkawari, Hajiya. Ba na taɓa murhu."

"To kar ka taɓa. Bakinka ai ba a ɗaure shi ba."

Aka tura Sharhabil shagon bakin layi, mai shago ya miƙo biredin ƙarshe da ke ƙarƙashin kanta yana tambaya ko wani sabon magani ne aka gano. Aka yanka kaza. Aka ajiye wa Kuku kujerar roba a ƙofar kicin, ya zauna da katako a cinya yana yanka biredi, yana ba da umarni. Hajiya kuwa tunda ta yi aure ba wanda ya taɓa ce mata rage wuta a kicin ɗinta, ranar ta ji shi ya fi sau goma.

"Kar ki juya albasar tukuna."

"Za ta ƙone!"

"Ba za ta ƙone ba. Sai ta yi kalar dabino."

Ta ɗauko attaruhu, ya ce ta ajiye. Ta ɗauko garin kori, ya ce ta ajiye. Ta ɓare magi a ɓoye, ya ji ƙarar takardar ya ce ya ji. Ta ce ita dai ba ta taɓa ganin miyar da aka hana ta komai ba, wannan ai ruwan zafi ne da albasa. Amma da ƙamshin ya tashi ya cika gidan, ita ma ta daina ƙorafi.

A wurin biredin ne aka sami matsala. Sai an busar da shi a kasko a kan wuta kaɗan-kaɗan, sannan a sa man shanu, kuma ba a taɓa shi da cokali, kaskon ake kaɗawa su yi tsalle su juya da kansu. Hajiya ta gwada, uku suka faɗi ƙasa. Ta koma cokali, suka fara farfashewa. Ba wani biredin kuma, wannan ne na ƙarshe. Kuku yana zaune, hannunsa na dama yana kaɗa kaskon da babu shi a iska, bai ma san yana yi ba.

A haka Rebecca ta same su. Ta dawo daga aiki ba ta ga babanta ba, sai ta ji ƙamshin da rabonta da shi tun mamanta tana da rai, ta biyo shi har ƙofar kicin ɗin Hajiya, da farar rigarta ta aiki. Kuku ya yi saurin ɓoye hannu a tsakanin gwiwoyi.

"Ban taɓa ba," ya ce. "Tambayi Hajiya."

Hajiya ta yi mata bayani a gurguje, cokali a hannu. Rebecca ta kalli kaskon, ta kalli mahaifinta yadda ya takure a kujerar roba kamar ɗan makarantar da aka kama. Shekara guda tana kare shi daga wuta, sai ranar ta ga abin da ta raba shi da shi, tausayinsa ya kama ta.

"Baba," ta ce, "tashi ka karɓi kaskon nan kafin Hajiya ta mayar da shi gari. Ga ni a tsaye."

Bai jira a maimaita ba. Ya miƙe, ya riƙe mariƙin, ya ɗan auna nauyinsa, ya kaɗa sau ɗaya. Biredin ya tashi sama gaba ɗaya ya juya ya dawo, ko ɗaya bai faɗi ba. Ya jefa man shanu da tafarnuwa, ya sake kaɗawa, suka yi ja-ja-ja suna ƙara. Hajiya ta ce tabɗi, ashe da gaske sana'a ce. Daɗi ya lulluɓe Kuku.

Ana kiran la'asar aka shiga da kwanon. Kuku ya so Hajiya ta kai, ita kuwa ta ce ai wanda aka yi wa raɗa shi zai kai, ta tsaya a bakin ƙofa ta harɗe hannu. Sharhabil ya tada mahaifinsa ya jingina shi da filo. Kuku ya watsa biredin a kan romon a gabansa, don kar ya jiƙe tun a hanya.

Alhaji Yusha'u ya kalli kwanon, ya saci kallon matarsa.

"Ci abinka, Alhaji," in ji Hajiya. "Maganar raɗa sai ka warke, ina ajiye da ita."

Ya ɗauki cokali. Na farko ya daɗe a baki. Aka ji ƙurus, a hankali. Ya kai na biyu, inda kullum yake tsayawa, duk ɗakin ba mai numfashin kirki. Ya kai na uku. Ya kai na huɗu. Rebecca ta fara ƙirgawa a zuci irin na ma'aikatan asibiti, da ta kai goma sha biyar ta bari. Can sai aka ji cokali yana kankarar gindin kwano, Hajiya ta juya baya tana ta faɗin alhamdulillahi a cikin mayafi.

Alhaji ya ajiye cokali, gumi ya tsattsafo masa a goshi. Ya ɗago kai ya dubi amininsa, muryarsa ƙasa-ƙasa amma tsaf.

"Kuku, gishiri ya yi kaɗan."

Kuku ya share ido da hularsa. Sannan ya ba da amsar da ya saba.

"Akawu, ka gama ka ba ni kwanona."

Alhaji ya miƙo kwanon, amma da Kuku ya kama sai ya ƙi saki.

"Akwai saura?" ya ce.